Mi ke kai ɗalibin jami'a filin wasa?

Yau maganarmu a kan ɗiyanmu ce waɗanda suka yi nisa cikin karatu. A da, in yaro ya ci jarrabawar bak, sai Yamai ko ƙasar waje. Yanzu jami'a ta iso mana har gida. A shekarar 2010 gwamnati ta kafa jami'a a Maraɗi, tare da ta Damagaram da ta Tawa. Ita ce ake kira Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. A cikinta ana koyar da aikin gona, da kimiyya, da aikin likita. Daga Tsibiri ko Jiratawa zuwa can ba wata tafiya ba ce. Saboda haka abin da ɗalibai ke yi bai ɓoyu gare mu ba. Muna ganinsu da la'asar sun ajiye littattafai, sun tuɓe manyan riguna, suna bin balo cikin fili. Wasu kuma muna gamuwa da su da sassafe suna gudu bakin hanya.

Iyaye da yawa ba su jin daɗin haka. Za ka ji uba yana faɗa: "Na sai da akuya, na sai da buhun wake, na tura ka neman ilimi, kai kuwa ka tafi bin balo kamar yaron goye." Wannan magana tana da nauyi. Wanda ya ba da guminsa yana da ikon tambayar inda gumin ya tafi. Amma mu a namu gani, hana ɗalibi wasa kuskure ne. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ke kai shi filin.

Jikin da ya bar gona

Mu fara da namu jiki. Manomi bai san wani abu wai shi motsa jiki ba, don rayuwarsa duka motsi ce. Daga sassabe sai shibka, daga shibka sai noman fari, sai maimai, sai girbi, sai ɗaukar damma zuwa rumbu. Da rani ga aikin garka, ga gyaran darni, ga tafiya kasuwa a ƙasa. Mace kuwa aikinta bai da hutun rani: sussuka, daka, jan guga, itace, goyo. Ba wanda zai ce wa irin waɗannan mutane su fita gudu da asuba.

To, ɗan wannan manomi ne ya shiga jami'a. Tun safe yana zaune bisa banci, wani lokaci har la'asar. In ya fito, kabu-kabu ko adaidaita ke kai shi masauki. Da dare yana duƙe bisa takarda. In ya gaji da takarda, sai ya ɗauki salula, ko ya tafi fada ya zauna shan shayi mai sukari, kofi na fari, na biyu, na uku. Jiki dai irin na ubansa ne, an gina shi don aiki, amma an zaunar da shi wuri guda. Kuma in Allah ya ba shi aikin ofis, zaman zai ci gaba har shekara talatin.

Likitoci sun daɗe da gane illar wannan zama. A shekarar 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya ba da sakamakon binciken da ya yi a birnin Landan na ƙasar Ingila. Can akwai manyan motocin haya masu bene. Direba yana wuni zaune. Mai karɓar kuɗi kuwa yana wuni yana hawa bene yana sauka. Mota ɗaya, hanya ɗaya, gari ɗaya. Amma da aka duba, sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi saurin kashe su. Babban abin da ya bambanta su shi ne wannan yana zaune, wancan yana motsi.

Dalili a fili yake. Zuciya tsoka ce, kamar tsokar dantse. In ana sa ta aiki, tana ƙarfi. In mutum yana motsi, hanyoyin jininsa suna buɗewa su yi taushi, jini ya gudana ba da tilas ba. Tsokoki kuma suna cinye sukarin da ke cikin jini, kamar yadda wuta ke cin itace. In ba motsi, sukari da kitse su taru. Daga nan ne hawan jini da ciwon suga ke samun ƙofa. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum na iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba, sai ranar da ya faɗi, gefe guda ya shanye. Ba a gane shi sai da awo a gidan likita. In awo yana kaiwa 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake aka tarar da haka, to akwai magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane baligi yana bukatar motsi na aƙalla minti 150 a mako, irin motsin da ke sa numfashi ya ɗan ɗaga. Wato minti 30 a yini, kwana biyar. In motsin mai tsanani ne kamar gudu ko balo, minti 75 a mako ya isa. Hukumar ta ƙirga cewa a shekarar 2022, cikin kowane baligi 100 na duniya, 31 ba su kai wannan ma'auni ba. Ɗalibin da ke fita fili sau biyu ko uku a mako ya fid da kansa daga cikinsu.

Amma mu faɗi gaskiya: ba tsoron hawan jini ke kai ɗalibi fili ba. Saurayi ɗan shekara ashirin bai tunanin ciwon da zai zo masa yana da hamsin. Lafiya riba ce da yake samu bisa hanya. Abin da ya tashe shi daga banci dabam ne.

Abin da ke jan su

Babban abu shi ne neman abokai. Mu tuna yadda yaro ke isowa jami'a. Ya fito daga wani ƙauye na Dakwaro, ko Mayahi, ko Tasawa, ko Madarumfa. A garinsu kowa ya san shi, kowa ya san ubansa. A nan kuwa shi lamba ce cikin ɗaruruwa. Malami bai san sunansa ba. In ya kwana da zazzaɓi, ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Kaɗaici ciwo ne, ko da ba a auna shi a gidan likita. To, a filin wasa ba a tambayar takarda, ba a tambayar ɗan wane ne kai. Ka tsaya bakin fili, wani zai ce: "Kai, muna neman mutum guda, shigo." Kafin magariba an san sunanka, ko an laƙaba maka wani. Gobe in ba ka zo ba, za a tambaya. Nan ne Bahaushe ke gamuwa da Bazabarme, da Buzu, da Bafillace, da Babarbare. Mu Gobirawa mun san daɗin haka, don in Bagobiri ya ka da Bazabarme cikin fili, ba faɗa za a yi ba, ba'a ce za a sha har mako. Hausa ba ta yi kuskure ba da ta kira zumuncin nan wasa, ta kira na fili shi ma wasa.

Sai daɗin abin kansa. Wannan ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya taɓa yin langa da farin wata. Ƙafa ɗaya a hannu, ana tsalle, ana ture juna, ana faɗuwa cikin rairayi ana dariya. Wa ya biya mu? Ba kowa. Da an ce mu daina, da mun yi kuka.

Akwai kuma huce gajiyar kai. Manomi yana tsammani wanda ke zaune cikin inuwa bai gajiya. Ba haka ba ne. Ɗalibi yana ɗauke da kaya wanda ido bai gani. Ga jarrabawa tafe. Ga kuɗin tallafi, wanda suke ce wa burs, wani lokaci ya yi jinkiri, wani ma bai samu ba ko kaɗan. Ga kuɗin ɗaki, ga na abinci. Ga tunanin gida: an ce ruwa ya ɗauke, hatsi na bushewa. Ga tsoron a gama karatu a rasa aiki. Irin wannan kaya shi ke hana barci. Wanda ya yi gudu na awa guda ya yi gumi, in ya yi wanka ya kwanta, barci na ɗauke shi. Da safe abin da ya karanta ya fi zama cikin kansa. Likitoci sun tabbatar motsa jiki na rage damuwa da ƙuncin rai. In ɗalibi bai sauke kayan nan a fili ba, zai nemi wani wurin saukewa, kuma wasu wuraren mun san su: taba, ƙwaya, da yawon banza.

Sai neman suna. A nan ba mu da bakin zargin kowa, don mu mutanen kokowa ne. A shekarar 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, kuma ɗan jahar Maraɗi ne ya zama sarki, Yakuba Ango wanda aka sani da Kantu. Filin kokowa na Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Yau kowace jaha cikin takwas tana kawo ƴan kokowa goma, a taru a nemi takobi. Lokacin gasar, tsoho da tsohuwa suna manne da rediyo. Da Isaka Isaka na Doso ya yi ta ɗaukar takobi har sau shida, ba gidan da ba a yi gardama a kansa ba. To, jinin da ke motsa mu in an buga ganga, shi ne ke motsa ɗalibi in an ce masu karatun gona za su kara da masu karatun likita. Yana so a ce shi ya jefa balo raga. Yana so a tafa masa. Ɗan Adam ne.

Wasu kuma lissafi ne ke kai su. Sun san mai neman shiga soja, ko jandarma, ko ɗan sanda, sai an gwada gudunsa da ƙarfin jikinsa, takarda kaɗai ba ta isa. Wasu so suke jiki ya yi kyau, tumbi kada ya fito tun ba a yi aure ba. Duka dalilai ne, ba mu raina ko ɗaya ba.

Na ƙarshe shi ne mafarkin kuɗi da Turai. Wannan kam muna jin tsoronsa. Gaskiya ne wasa ya ɗaga wasu. Amma mu ƙirga. Tun da Nijar ta fara zuwa wasannin Olimpik a 1964, lambobi biyu ta samo. Isaka Dabore ya samo ta tagulla a damben zamani a 1972, a birnin Munik na Jamus. Sai bayan shekara 44, a 2016, Abdurrazaƙ Isufu Alfaga ya samo ta azurfa a wasan tekwando a birnin Riyo na Barazil. Mutum biyu cikin ƙasa guda. Ƙofar nan ƙarama ce ƙwarai. Ɗalibin da zai saki karatu don wani ya ce zai kai shi wata ƙungiya a Turai in an biya kuɗi, ya saki reshe ya kama ganye. In irin wannan magana ta shigo gida, uba ya riƙe bisashensa da gonarsa da kyau.

Wane dalili ke daɗewa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, don wasan shekara uku ba ya tsare lafiyar shekara sittin.

A Jami'ar Harbad ta Amurka an bi sawun tsofaffin ɗalibai maza kusan 17,000 shekara da shekaru. A 1978 aka ba da sakamako. Waɗanda suka yi fice a wasa lokacin karatu, amma suka daina bayan sun fita, ba su tsira daga ciwon zuciya ba. Kofin da suka ci suna samari bai hana su komi ba. Waɗanda kuwa ba a san su da wasa ba a makaranta, amma suka riƙe motsi bayan sun girma, su ne suka samu kariya. Motsa jiki ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a yi ta ci. Kamar ban ruwan garka yake: na jiya bai isar wa yau.

Sai kuma wani bincike na shekarar 2005, shi ma a Amurka. An tambayi ɗalibai sama da 200 abin da ke sa su motsi. Masu shiga wasanni sun fi ambaton daɗi da son gwada kansu. Masu motsa jiki kawai, ba cikin wasa ba, sun fi ambaton rage ƙiba da gyaran siffa. Masu binciken suka ce dalilai irin na farko su ne suka fi riƙe mutum ya daɗe yana yi. Abin da mutum ke yi don yana so, ba sai an tashe shi ba. Abin da yake yi kamar shan magani, ranar da ya ji sauƙi ko ya gaji zai ajiye.

Kakanninmu ba su karanta wannan ba, amma sun san shi. Ku dubi gayya. Noma aiki ne mai karya baya. Mutum ɗaya cikin gona tun hantsi ya fara duban rana. Amma a tara samari talatin, a kawo gangar noma, maroƙi ya kama kirari, a ce wane ya wuce wane a kuyya, sai ka ga gonar kwana biyar ta ƙare kafin azahar, ana dariya. Mi aka ƙara wa aikin? Abokai, da kiɗa, da gasa. Su ne dai abubuwan da ɗalibi ke nema a fili. Ɗanka da ke bin balo a Maraɗi bai bar al'adar gida ba. Gayya ce yake nema inda babu gona.

Abin da iyaye ke faɗi

Wani zai ce: ai mun ga wanda balo ya kayar a jarrabawa. Mu ma mun gani. Akwai yaron da zai wuni fili, ya kwana gardamar maci. Wannan ba wasa ne ya kayar da shi ba, rashin ma'auni ne. Ko hura in ta yi yawa tana ɓata ciki. Awa guda da la'asar, sau uku a mako, ba ta hana kowa karatu. In aka bi sawun lokacin da ke ɓacewa ɗalibi, za a tarar mafi yawansa a zaune ya ɓace, ba a guje ba.

Nan ma ya kamata mu raba abu biyu da ake haɗawa. Yin wasa dabam, kallon wasa dabam. A watan Fabrairu na 2019 an yi gasar Afirka ta samari ƴan ƙasa da shekara 20 a Nijar. An buga wasu wasannin a Yamai, wasu a filin Maraɗi, Mali ta tafi da kofi. Mun ji daɗi, gari ya cika da baƙi. Amma mutum 22 ne ke gudu, dubbai suna zaune. Haka wanda ke kwana gidan kallo yana ihun Real Madrid da Barcelona, zuciyarsa na bugawa amma ƙafarsa ba ta motsa ba. Mafi muni, yanzu caca ta shigo cikin salula. Yaro zai zuba kuɗin abincinsa wai wata ƙungiya za ta ci. In uba zai yi faɗa, ga inda ya kamata faɗan ya sauka.

Wani kuma zai ce: in motsi yake so, ga hauya, ya zo ya taya mu. Wannan magana daidai ce, kuma muna goyon bayanta. In hutu ya faɗo cikin damina, ɗalibi ya dawo gida ya kama noma. Ba abin kunya ba ne, balle ga mai karatun aikin gona. Ilimin da ya hana mutum duƙawa a gonar ubansa, da saura. Amma damina wata uku ce zuwa huɗu. Sauran watannin yana birni, ba gona, ba rijiya.

Akwai abin da iyaye ba su cika faɗi ba, alhali shi ne babba: ciki. Mai jin yunwa ba ya gudu, ba ya kuma karatu. Ɗalibai da yawa garin rogo da shayi ke riƙe da su. In za a aika wa yaro saƙo, a sa masa tiyar wake, da ƙuli-ƙuli, da busasshen zogale irin wanda ake nomawa a Jiratawa. Wake da gujiya suna gina tsoka. Zogale yana taimakon jini. Sun fi masa amfani bisa lemun kwalba. Kuma a ja masa kunne game da tramol. Wasu na cewa yana ba da ƙarfi. Ƙarya ce. Maganin ciwo ne mai tsanani, yana rufe gajiya ne kawai, jiki na lalacewa mutum bai ji ba. Yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya.

Ina ɗiya mata?

In kun wuce bakin fili, ku ƙirga. Maza za ku gani. Ƙididdigar nan ta 2022 ta nuna a duniya ma haka abin yake: cikin mata 100, 34 ba su samun isasshen motsi, cikin maza 29. A ƙauye yarinya ba ta rasa motsi. Tana daka har da lugude, tana jan ruwa, da dare ga gaɗa a dandali. Ranar da ta shiga jami'a duk wannan ya yanke. Daga aji sai ɗaki. Alhali kaɗaicin da ke damun namiji yana damunta, tsoron jarrabawa ma haka, kuma jikinta ne zai ɗauki ciki ya yi naƙuda wata rana.

Ba rashin so ke hana su ba. Kunya ce, da tsoron bakin mutane, da rashin wurin da ya dace. Wadda aka rena da kamun kai ba za ta yi gudu gaban taron maza ba, kuma ba mu ce ta yi ba. Maganar tufafi kam ta ƙare. Tun 2014 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta yarda mace ta yi wasa da kanta a rufe, ta ƙwallon kwando ita ma ta yarda a 2017. Dogon wando da riga mai hannu ba su hana komi. Malamanmu kuma sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Abin da ya rage shi ne a keɓe masu wuri mai katanga, da lokaci nasu su kaɗai, da mace mai koya masu. In wannan bai samu ba tukuna, su haɗu su biyar ko shida su yi tafiya mai sauri ta rabin awa da safe. Ita ma tana cikin lissafi. Uwa kuwa, in ɗiyarki ta ce tana wasan ƙwallon hannu da ƴan uwanta mata, kada ki ce ta lalace.

Hattara da rana

Ƙasarmu ƙasar zafi ce. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce awo 40. Ba a wasa da tsakar rana. A yi da sassafe, ko bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba. A sha ruwa kafin a fara, a sha a tsakiya, a sha bayan an gama. In wani ya fara jiri, ko maganarsa ta rikice, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a kai shi inuwa nan take, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi gidan likita. Mai zazzaɓin sauro ya huta har ya warke. Mai amosanin jini, da wanda ke jin ciwon ƙirji ko numfashinsa ke sarƙewa in ya yi gudu, su ga likita tukuna. In an ji rauni, a wanke da ruwa mai tsabta da sabuni, kada a zuba ƙasa ko toka. A kuma tambayi allurar tetanos, ciwon nan da ke sanƙarar da jiki ya ɗaure haƙora. Da azumi a rage, ko a bari sai bayan an sha ruwa.

Ga shugabanni

Tun da mun ga abokai da daɗi su ne ke riƙe ɗalibi cikin wasa, to aikin shugabannin jami'a ba ya tsaya ga zaɓen gwanaye goma sha ɗaya a ɗinka masu riguna, a kai su gasa sau ɗaya a shekara. Gasa tana da kyau. Amma gwani ko an hana shi zai yi wasa. Wanda ake tsoron ya zauna shi ne mara gwaninta, mai jin kunyar a yi masa dariya. Shi ke bukatar fili kusa da masauki, da famfo bakin filin, da itatuwan inuwa, da yammaci guda a mako wanda ba a sa darasi. Kuma kada a tsaya ga balo kaɗai. Kokowa da langa ba su bukatar takalmi ko raga, rairayi kawai suke so, shi kuwa Gulbi bai hana mu ba. Yaron ƙauye da ke jin kansa baƙo a filin balo, in aka zana da'irar kokowa shi ne malami.

Mu ma a garuruwanmu akwai namu aiki, don son wasa ba a jami'a yake tsira ba, a dandali yake tsira. Maraɗi tana faɗaɗa, tana cin gonakin da ke kewaye da ita. A Tsibiri da Jiratawa ma ana ta yanka filaye ana sayarwa. Wurin da yara ke langa bara, bana an kafa masa tubali. Muna roƙon magadan gari, da sarakuna, da masu unguwanni, duk lokacin da za a yanka sabuwar unguwa, a fid da filin wasa tun a takarda, kamar yadda ake fid da na masallaci da na makaranta, a kuma dasa masa bedi a kewaye don kowa ya san iyakarsa. Babban filin balo mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, bai kai hekta guda ba. Na unguwa rabin haka ma ya isa, a bar kusurwa ɗaya a zuba rairayi don ƴan kokowa.